Kwalin Da Ya Dawo Fes

Ƙarshen shekarar karatu a sashenmu na horar da malamai ba shi da tsayayyen wata. Tun yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, lissafi ya rikice; wata shekarar mu rufe cikin hazo, wata shekarar ruwa na zuba. Amma ko yaushe ya zo, kamanninsa ɗaya ne. Baranda ta cika da 'yan ajin ƙarshe sanye da fararen riguna, abokai na yi musu rubutun bankwana da maka. Masu ɗinka kundin bincike a bakin ƙofar jami'a ba su da lokacin cin abinci. Jami'in jarrabawa idanunsa sun yi ja saboda tara maki, shugaban sashe kuma hankalinsa na kan baƙon farfesan da zai zo daga wata jami'a ya duba ko mun yi adalci. Kowa na sauri, kowa na neman sa hannun wani.

A cikin wannan hada-hada akwai wani ƙaramin aiki da ba mai kula da shi, wato kwashe sito. Dole a samar wa takardun jarrabawa da kundayen bana wuri, don haka sai a fitar da tarkacen da suka taru. Mafi yawansu kayan koyarwa ne da ɗalibai suka miƙa bayan sun dawo daga koyarwar gwaji, wadda kowa ke kira TP: taswirar Nijeriya, hoton zuciyar ɗan Adam, jadawalin sau, sassan fure, duk a kan manyan kwalaye masu launi. Masinjanmu, dattijon da duk muke kira Baba, shi ke wannan aiki. Bana na shiga neman wani fayil na tarar da shi ya kasa kayan kashi biyu. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Waɗannan masu kyan, Malam, bayansu fari ne, a iya rubuta sanarwa a kai. Ko ninkewa ba su yi ba. Waɗancan kuwa na wuta ne."

Kashin masu kyan ya kai gwiwata. Na wutar ɗan kaɗan ne. A samansa akwai wani ƙaramin buhu, Baba ya zazzage shi a ƙasa, sai ga murfin kwalbar lemo rututu. A cikin kowane murfi an manna 'yar takarda da gam, an rubuta gaɓa ɗaya: ba, ki, ɗa, tsu, ƙo. Takardun sun yi baƙi, wasu da maiƙon ƙuli-ƙuli, wasu rubutun ya goge an sake bi da biro. Baba ya ɗauki ɗaya ya juya shi a tafin hannunsa, ya ce, "Wannan kam ya ci kuɗinsa. Yara sun murje shi."

Na san buhun. Na san mai shi, domin ni na je duba ta.

Wanda bai san yadda duban TP yake ba, ga yadda yake. Ana raba wa kowane malami sunayen ɗalibai masu yawa da ke warwatse a makarantu daban-daban, wasu a cikin gari, wasu a ƙauyukan gefe. Kuɗin mai ba ya isa, lokaci ba ya isa. Sai ka ga ɗalibin da ya yi makonni yana koyarwa, abin da za ka gani na aikinsa bai wuce darasi ɗaya na minti arba'in ba. A hannunka akwai takarda mai gidaje: tsarin darasi, gabatarwa, amfani da allo, kayan koyarwa, riƙon aji, murya, shiga. Kowane gida da makinsa. Ɗalibai kuwa sun san takardar nan kamar yunwar cikinsu, kuma tun kana fitowa daga makarantar farko waya ta riga ka isa ta biyu: "Malam na tafe." Akwai masu zane a bakin kasuwa da sana'arsu ke ci a wannan lokaci. Ka faɗi darasi, ka biya, gobe ka karɓi kwali mai sheƙi. Ana ajiye shi a ofishin shugaban makaranta, a naɗe, sai ranar da mai dubawa ya zo a rataya. Yana fita a sauke.

Ita wannan ɗaliba Hausa take koyarwa a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, a wata makarantar gwamnati da ke bayan gari. Yaran sun haura tamanin, rabinsu a ƙasa. Manhaja ta ce a wannan mako a koyar da auna fahimta. Da na shiga, ban ga kwali a bango ba. Ta kasa yaran rukuni-rukuni, ta zuba wa kowane rukuni murfin kwalba cikin tafi, suna ta haɗa gaɓoɓi suna tayar da kalma, ana gardama, ana ƙwace. Ajin ya cika da surutu. A gidan riƙon aji na rage mata maki. A gidan kayan koyarwa na rage, har na rubuta cewa a riƙa tsabtace kaya, a kuma bi manhaja. Abokiyar karatunta da ke ajin gaba, mai kwalin sassan jimla da aka ƙawata da jan fenti da kore, ita na ba maki mai tsoka. Na yi abin da takarda ta ce in yi, kuma a ranar ban ji komai a raina ba. Sai da na tsaya a sito ina kallon murafen nan a hannun Baba na gane na zalunci yarinyar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wannan ba sabon ilimi ba ne ga duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa. A makarantar allo alluna iri biyu ne. Akwai allon zayyana, wanda ake ƙawatawa da launuka don ranar sauka, a zaga da shi gidajen dangi a sa albarka, sannan a rataye. Akwai kuma allon karatu, wanda aka rubuta aka wanke har fuskarsa ta dushe, gefensa ya yi santsi saboda riƙo. Babu alaramman da zai auna karatun almajiri da kyan zayyana. Zai ce ya biya ne, ya ji. Mu da muka tara digiri muka koma muna ba allon zayyana maki, muna tura allon karatu wuta.

Bayan kwana biyu ta zo a sa mata hannu a takardar sallama. Na ajiye buhun a kan tebur. Ta yi murmushi cikin jin kunya, ta ce ta ɗauka an zubar.

Na ce, "Me ya sa kika bar manhaja?"

Ta ce, "Malam, a makon farko na ce su karanta labari, sai na ga fiye da rabi ba sa iya haɗa baƙi da wasali. In na ce auna fahimta, me za su fahimta? Kuɗin kwali kuma ba ni da shi. Sai na ce kowa ya tsinto mini murfi goma."

Na tambaye ta ko an samu canji. Ta ce kafin ta baro su, da yawa daga cikin waɗanda suka fara da ita ba sa iya karanta komai sun soma karanta gajerun jimloli, har wani yaro ya karanta mata sunan da ke jikin shagon mahaifinsa, yana ta tsalle. Buhu biyu ta bar musu a hannun malamar ajin. Wannan ta kawo ne don an ce duk wanda bai miƙa kayan koyarwa ba sakamakonsa ba zai fita ba. Na gaya mata gaskiya cewa makin da na ba ta bai kai aikinta ba, kuma sakamako ya riga ya wuce majalisar jami'a, ba ni da ikon taɓa shi. Na nemi ta yafe mini. Ta ce, "Haba Malam, ba komai wallahi." Amma da komai.

Muna yawan tuna cewa manyan Arewa na farko malaman makaranta ne. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 don horar da malamai ita ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam, kuma dukkansu sai da suka riƙe alli kafin duniya ta san su, Sardauna a Midil ta Sakkwato, Tafawa Ɓalewa a ta Bauci, Imam a ta Katsina. Malam Aminu Kano da Shehu Shagari ma daga aji suka fito. Daga baya, da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa a 1976, buƙatar malamai ta yi ambaliya, aka shiga yaye su da gaggawa. Yau kwalejojin Gired Tu sun tafi, NCE ce mafi ƙarancin takardar shiga aji, akwai hukumar rajistar malamai ta TRCN da doka ta kafa tun 1993. Takardu sun yawaita. Amma a 2017 da Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta gindaya ba. An yi ta muhawara kan adalcin wannan jarrabawa, kuma muhawarar na da tushe. Sai dai mu masu horarwa ba mu da bakin wanke kanmu, domin da yawan mutanen nan wani irina ne ya taɓa zama a bayan ajinsu da takarda mai gidaje, ya sa hannu cewa sun iya.

Ba na cewa kowane kwali mai tsabta ƙarya ne, ko kowane mai dauɗa aiki ne. Taswira a bango take zama, ba a murza ta. Akwai kuma ɗaliban da suka zana nasu da hannunsu cikin dare suka yi amfani da shi yadda ya kamata. Ɗalibin da ya sayi zane ma ban ga laifinsa sosai ba. Da yawansu ba malanta suka nema ba tun farko, likitanci ko lauya suka cika a takardar JAMB, aka turo su nan. Sun duba abin da muke ba maki, suka kawo mana shi. In ka ce da mai talla kyan faranti kake saye, gobe da farantin zai zo, ko babu ƙosai a ciki.

A taron sashe na ƙarshe na kawo shawara uku: a daina sanar da ranar zuwa dubawa, a bar kayan koyarwa a makarantun da aka yi su dominsu maimakon a kwaso su gara ta ci a sitonmu, sannan a ƙara gida ɗaya a takardar maki, inda mai dubawa zai kira yara biyu ko uku ya tambaye su abin da suka koya a makon jiya. Wasu abokan aiki sun goyi baya, wasu sun ce lokacin da ake da shi bai isa ba, kuma ba su yi ƙarya ba. An ce kwamiti zai duba.

Buhun dai na hana Baba ƙona shi, yana cikin durowata, kuma shi zan fara zazzagewa a gaban 'yan TP na baɗi kafin su fita. Ɗan'uwa malami da za a ba ka sunaye ka tafi dubawa, don Allah kafin ka cike gidan kayan koyarwa, ka miƙa kayan ga yaron da ke zaune a ƙasa can baya, ka ga ko ya taɓa riƙe su.