Rubutun da mai bango ba ya iya karantawa

A gindin dutsen Muƙaɗɗam, a birnin Alƙahira, akwai unguwar Manshiyat Nasir. Mutanen wani sashenta, galibinsu Kiristocin Kibɗawa, su ke kwashe sharar birni, su tsince ta, su sayar da abin da ke sayuwa. Ƴan gari na ce musu "Zabbalin", wato ƴan shara. Ku dubi sunan nan da kyau, ƴan uwa: wasu suka zubar, amma mai kwashewa aka laƙa wa.

A 2016 mai zane eL Seed, ɗan asalin Tunisiya haifaffen Faransa, ya shimfiɗa jimla guda ta Larabci a kan gine-gine kusan 50 na unguwar, da yardar masu su. Sai dai rubutun ba ya haɗuwa sai ka hau dutsen ka tsaya a wuri guda. Mai gida in ya leƙo ta taga, guntun harafi kawai zai gani.

To wa aka yi wa ke nan?

Wani zai ce an mayar da bangon talaka allo don baƙo ya ɗauki hoto. Maganar tana da nauyi. A 2009 gwamnatin Masar ta sa aka kashe aladun da mutanen ke ciyarwa da ragowar abinci, wai don murar aladu, abincinsu ya taɓu sosai. Fenti bai mayar musu da ko ɗaya ba.

Amma ni ina ganin kowane zance yana da wanda ake nufi da shi, kuma wannan ba mai gida aka nufa ba. Shi ai ya san shi mutum ne, ba sai an rubuta masa a bango ba. Wanda ke toshe hanci in ya ji sunan unguwar, shi ne ɗalibin. Mu ma mun san yadda fuska ke sauyawa a Damagaram in yaro ya ce daga Kara-Kara yake.

Abin tsoro dai shi ne baƙon ya kalla, ya ji daɗi, ya ɗauka ya sauke nauyi. Sai dai hanyar hawa dutsen ta cikin unguwar ta bi, tsakanin buhunan shara da masu tsintar ta, kuma ta nan zai sauko.