Baiwar Allah Ba Ta Duba Riga

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, wanda ya tashi maraya ya yi kiwon tumaki a Makka, da alayensa da sahabbansa.

Mai ba da sadaka yakan dubi ɗan talaka ya ga yagaggiyar riga da ƙafa ba takalmi, ya miƙa dala biyar ya wuce. Ya samu lada in Allah Ya so. Sai dai shin ya ga yaron, ko kuwa rashin da ke jikinsa kaɗai ya gani?

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa, yarinya mai tallar gyaɗa tana sayar da ƙulli bakwai a kan dala biyar-biyar, a ba ta dala ɗari, ta mayar da dala 65 ba tare da alƙalami ba. Ita ce kuma za a kira daƙiƙiya a lakwal saboda ba ta iya faɗin amsar da Faransanci ba. Yaron da ya lanƙwasa waya da marfin kwalba ya ƙera mota mai sitiyari ya fahimci yadda ƙafa ke juyawa, ba wanda ya koya masa. Almajiri kuwa yana fiƙe alƙalaminsa daga kara, ya haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro.

Tarihi ya shaida haka. Imamu Shafi'i, wanda aka haifa a Gaza a shekara ta 150 bayan Hijira, maraya ne, kuma an ruwaito cewa a kan ƙasusuwa yake rubuta karatunsa don rashin kuɗin takarda. A Malawi, William Kamkwamba ya bar makaranta bayan yunwa ta ci gonar iyayensa, sannan yana ɗan shekara 14 ya haɗa injin samar da lantarki daga iska da tarkacen keke da ƙarafan bola. Surar Abasa ma ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, tana koyar da cewa mai neman ilimi da ake rainawa ya fi cancantar a fuskance shi fiye da manyan gari da suka ɗauki kansu wadatattu.

Amma a nan akwai tarko. Wani zai ce tunda wuya ke koya dabara, a bar su a haka. Wannan yaudarar kai ce. Talauci bai halicci basira ba, Allah ne Ya ajiye ta, talauci kuwa ya fi kashe ta fiye da fito da ita. Tamowa a kwana 1000 na farkon rayuwa tana tauye girman jiki da na ƙwaƙwalwa. Shafi'i ya samu uwa mai himma da ta kai shi Makka wajen malamai, William ya samu ɗakin karatu a kusa da ƙauyensu. Waɗanda ba su samu kowa ba, babu wanda ya san sunayensu.

Don haka ganin baiwar yaro nauyi ne a wuyan wanda ya gani. Muridin da ke neman wanke zuciyarsa daga girman kai yana da wurin gwaji a ƙofar zawiya: ya tambayi yaron sunansa, ya tambaye shi yadda ya ƙera motarsa, ya saurara har ƙarshe. Makaniki ko maƙeri ko tela daga cikin ƴan uwa ya ɗauki ɗaya ya koya masa sana'a ba tare da bautar da shi ba. Ɗalibin jami'a ya ware awa guda a mako don karatun yaran unguwa.

Allah Ya buɗe basirar bayinsa su ga abin da tsumma ya rufe, Ya raya yaran talakawa a kan ilimi da mutunci. Amin.