Ƙofar da Ake Buɗewa da Kuɗi

Karatu: Ayyukan Manzanni 24:22-27

Ƙaunatacce cikin Ubangiji, kai da ka kammala jami'a, ka sa hular digiri, ka ɗauki hoto da iyayenka, sa'an nan ka tafi bautar ƙasa ka dawo: akwai wata tambaya da ke jiranka a bakin hanya, gara kuwa ka shirya amsarta tun kafin ta iso. Wata rana wani zai ja ka gefe, ko ya ja mahaifinka, ya ce akwai gurbin aiki a wata ma'aikata, albashi mai kauri, fansho tabbatacce, amma sai an kawo kaza. Zai faɗi kuɗin da murya ƙasa-ƙasa, ya ƙara da cewa mutane da yawa suna layi, in ba a hanzarta ba wani zai ɗauke. Shin mai bin Almasihu zai iya biya?

Wannan ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2023 Majalisar Wakilai ta Najeriya ta kafa kwamiti domin binciken cinikin guraben aiki a ma'aikatu da hukumomin gwamnatin tarayya, aka kuma ji shaidar mutanen da suka ce sun ba da kuɗi domin a ɗauke su. Abin ya zama ruwan dare har waɗansu sun daina kiransa da sunansa. Sai a ce “goro”, ko “na gode”, ko “abin shan ruwa”.

Bari mu fara da sauraron hujjojin masu cewa a biya, gama ba dukansu miyagu ne ba. Wani zai ce: “Na cancanta, takarduna na gaskiya ne, haƙƙina nake karɓa. Mai zunubi shi ne wanda ya tsare ƙofa yana neman kuɗi.” Wani zai ce: “Mahaifina ya sayar da gona, mahaifiyata ta sayar da awaki domin in yi karatu, ƙannena biyar suna kallona. In na ƙi, wa zai ciyar da su?” Wani kuma zai ce: “In masu tsoron Allah duka suka ƙi shiga, ofisoshi za su cika da marasa tsoronsa. Bari in shiga ta wannan hanya, in na zauna sai in gyara.” Waɗannan maganganu suna da nauyi, kuma wanda bai taɓa kwana da yunwa yana riƙe da digiri ba ya kamata ya amsa su da tawali'u.

Duk da haka, ka dubi Manzo Bulus a Kaisariya. An tsare shi a hannun gwamna Filikus, ba a kuwa tabbatar da wani laifi a kansa ba. Littafi Mai Tsarki ya nuna mana cewa Filikus yana sa ran Bulus zai ba shi kuɗi, shi ya sa yake yawan aikawa a kawo shi su yi taɗi. Duk hujjojin da muka lissafa, Bulus yana da irinsu. 'Yancinsa haƙƙinsa ne. Ikilisiyoyi suna bukatarsa. Yana da abokan da suka ƙaunace shi, da ya nema, da wuya a rasa masu haɗa kuɗin. Amma shekara biyu cur suka wuce, Filikus ya sauka daga mulki, Festas ya gaje shi, Bulus yana nan a tsare. Mutumin da ya tsaya gaban gwamna yana yi masa wa'azi a kan adalci da kamunkai da hukunci mai zuwa, har gwamnan ya tsorata, ina zai sa fuskarsa in ya miƙa masa jakar kuɗi da dare? Da ya biya, da ya fita daga kurkuku, amma da wa'azinsa ya mutu a bakinsa.

To, me ake saya in an sayi gurbin aiki? Abu na fari, gurbin ba na mai sayarwa ba ne. Amanar jama'a ce aka damƙa masa domin ya ba wanda ya fi dacewa. In ka biya, akwai wani wanda ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba, mai yiwuwa maraya, mai yiwuwa 'yar gwauruwa da ke zama a benci ɗaya da mahaifiyarka ranar Lahadi, wanda aka goge sunansa domin a rubuta naka. Cancantarka ba ta wanke wannan ba, domin ba cancanta aka auna ba, aljihu aka auna. Shi ya sa Dokar Musa, a Fitowa sura 23, ta hana cin hanci a cikin sashen da ke maganar kare haƙƙin matalauci da baƙo. Kullum mai ƙaramin ƙarfi ne yake biyan kuɗin wannan ciniki.

Abu na biyu, ka yi lissafi. A ce an nemi naira miliyan biyu, aka ciwo bashi ko aka jinginar da gona. In kana iya cire naira 40,000 kowane wata daga albashinka, sai ka yi wata 50, wato fiye da shekara huɗu, kafin ka biya, ban da ruwan da mai ba da bashi zai ɗora. A cikin waɗannan shekaru ga haya, ga abinci, ga kuɗin makarantar ƙanne. Ranar da wani ya turo maka ambulan domin ka sa hannu a takardar da ba ta dace ba, bashin nan ne zai fara yi maka raɗa a kunne. Haka mai saye yakan rikiɗe ya zama mai sayarwa. Wanda ya ce zai shiga ya gyara, sau da yawa yakan tarar an riga an ɗaure bakinsa, gama wanda ya shigar da shi ya san asirinsa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Abu na uku, wannan kasuwa ba ta da rasit. In aka ba ka takardar ɗaukar aiki ta jabu, ko aka tsere da kuɗin, wa za ka kai wa ƙara, alhali kai ma ka taka doka? Gona ta tafi, aiki babu, ga kunya ta hana ka faɗa wa ko faston ka.

Akwai bambancin da ya kamata ka gane, domin kada lamirinka ya ɗauki kayan da Allah bai ɗora masa ba. Neman wani ya shaide ka ba cin hanci ba ne. Barnaba ya tsaya wa Shawulu a gaban manzanni a Urushalima sa'ad da kowa yake tsoronsa. Bulus kansa ya rubuta wa masu bi na Roma yana yaba musu Fibi, yana roƙo su taimake ta. In malaminka, ko dattijon ikilisiya, ko wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa lokacin bautar ƙasa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani a gare ka, wannan abu ne mai kyau. Ma'aunin shi ne: za ka iya tsayawa a gaban sauran masu neman aikin ka bayyana yadda ka samu, ba tare da ka sunkuyar da kai ba? Da wannan ma'auni kuma za ka auna rage shekarun haihuwa a takardar rantsuwa, da aron sakamakon jarrabawar da ba naka ba.

Za ka ce, to in na ƙi, me zan ci? Bangaskiya ba ta hana dabara, tana ma bukatarta. In har yanzu kana bautar ƙasa, ka ɗauki shekarar nan da muhimmanci. Tun da aka kafa shirin a 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, dubban matasa sun fita daga cikinsa hannu wofi, waɗansu kuma sun fita da jari da sana'a. Alawus ɗin gwamnatin tarayya ya kai naira 77,000 a wata a shekarar 2025, ya ma ɗara mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Gaskiya ne tsadar rayuwa tana cinye shi, amma wanda ya cire zakkarsa, ya kuma ajiye naira 10,000 kowane wata, zai gama da naira 120,000. Kuɗin nan zai iya sayen keken ɗinki na hannu, ko 'yan tsaki da abincinsu, ko taki da iri na ƙaramar gona. Hukumar tana da shirin koyar da sana'o'i tun daga sansani. Kada ka raina shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada kuma ka ce wani aikin halal ya yi wa mai digiri ƙanƙanta. Bulus ya yi karatu a gaban Gamaliyel, babban malamin Attaura, amma a Koranti ya zauna da Akila da matarsa suna ɗinkin alfarwa. Ubangijinmu da kansa an san shi a Nazarat da sassaƙa. Koyarwa a ƙaramar makaranta, gyaran waya, noman rani, riƙe wa wani littafin shago: a irin waɗannan wurare ne mutane suke ganin ko kana zuwa a kan lokaci, ko lissafinka yana cika. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. A shekaru 13 na tsakani ya riƙe gidan Fotifar, ya riƙe kurkuku, da amincin da daga baya ya riƙe rumbunan Masar.

In kuwa iyayenka suna da abin da za su iya haɗawa domin sayen gurbi, ka durƙusa ka roƙe su da ladabi su ba ka ko da kaɗan daga ciki ya zama jari, su bar gonar a inda take. Ka kuma tsare wannan jari daga caca ta waya, da bashin manhajoji masu ruwa mai yawa, da masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya. Waɗanda suka zuba kuɗinsu a MMM sun ga yadda aka rufe asusu a Disambar 2016. Zuciyar da ke gaggawar arziki ita ce dai take gaggawar sayen aiki.

Ba na yi maka alkawari cewa in ka ƙi biya, gobe wasiƙar aiki za ta zo. Bulus bai fita bayan mako ɗaya ba. Mai yiwuwa ka ga abokin karatunka da ya biya yana wucewa a mota kana tafe a ƙasa. Wannan zafi na gaske ne, kuma Ubangiji yana ganinsa. Abin da za ka riƙe shi ne lamiri mai tsabta, da bakin da zai iya faɗin gaskiya a gaban kowa, da suna wanda 'ya'yanka ba za su ji kunyarsa ba.

In kuma kana karanta wannan alhali ka riga ka biya, ƙofar alheri ba ta rufe ba. Zakka mai karɓar haraji ya tara dukiya ta hanyar da ba ta dace ba, amma Yesu ya sauka a gidansa, tubarsa kuwa ta bayyana a aljihunsa. Ka furta wa Allah, ka nemi shawarar mai bi da ya manyanta, ka ƙudura cewa daga teburinka ba wanda zai sayi haƙƙinsa, ka kuma buɗe wa wani marar gata ƙofa kyauta.

Addu'a: Ya Uba, ka san bukatarmu tun ba mu roƙa ba. Ka ba matasanmu abincin yini da aikin hannu mai albarka. Ka ba su ƙarfin cewa a'a a ranar gwaji, ka ba iyayensu haƙuri, ka kuma sa ikilisiyarka ta riƙe hannun masu jira. A cikin sunan Yesu, Amin.