Darajar Anini

Na'urar nan da masu neman zinare ke yawo da ita a dazuzzukan Zamfara, ashe tana iya yin kuka a tsakar gida. Idan muka zagaya da ita a tsohon gidanmu na Gusau, ko kangon kakanni a 'Yandoto ta ƙasar Tsafe, ko Kwatarkwashi ta Bungudu, da wuya mu tono zinare. Sai dai anini mai huda, ko munduwar tagulla, ko bakin fartanya da tsatsa ta ci.

To, mece ce darajarsu? Anini ya daina sayen kome tun kafin zuwan naira a 1973. Mai sayen ƙarafa kuwa sikeli kaɗai ya sani. Amma wataƙila wata kakarmu ce ta hana cikinta, ta binne aninin nan saboda ranar wuya.

Saboda haka ba namu ba ne mu kaɗai, amana ce. In mun sayar, mun cinye gadon waɗanda ba a haifa ba. Gara mu adana, mu tambayi tsofaffi labarinsa tun suna raye, mu rubuta.