Wayar Da Ke Cikin Bango

'Yan'uwa, a kasuwar Maigatari ran Alhamis mai sayen sa yakan duba haƙoransa kafin ya biya. Amma wayar da mai aikin lantarki ya binne cikin bango, mai gida ba ya ganinta. Idan mai bi ya ja wa soket waya mai milimita 1.5, ya rubuta kuɗin mai 2.5, sata ke nan. Wayar kuwa tana iya yin zafi har gida ya ƙone. Yohanna Mai Baftisma ya hana masu karɓar haraji yin ƙari (Luka 3:13). Bari mu rubuta kuɗin kaya dabam, ladan aiki dabam, mu ba da rasit. Mu masu gida kuma mu biya ran da aka gama. Gama Ubangiji yana ganin cikin bango.