Hattara da Kimiyyar Allo da Alli

Wata ɓarna tana yaɗuwa a makarantun cikin birnin Zariya, har mun fara sabawa da ita. Yaro zai shekara uku a ajin kimiyya bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Malam ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, su haddace, su zubar a takarda. Ranar jarrabawar gwaji ta WAEC ko NECO, a wasu wuraren sai a aro kayan aiki daga maƙwabta, a raɗa wa ɗalibai lambobin da za su rubuta, kowa ya fito da sakamako mai ƙyalli. Ana kiran wannan "taimako". Ha'inci ne, kuma cin amana ne.

Masu buɗe makarantun kuɗi a lunguna, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, ku ji tsoron Allah. Ɗaki huɗu da zaure ba su isa a rubuta "ajin kimiyya" a allon talla ba. Iyaye kuma, mai biyan kuɗi don a saya wa ɗansa sakamako ya sani cewa wannan yaron ne gobe zai nemi karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello, ko ya tsaya bayan kantar magani yana auna wa jaririn wani.

Abin takaicin shi ne, a Zazzau ake wannan. Garin da makarantar Alhudahuda take tun 1910, garin da kwalejin Barewa ta yi ƙaura zuwa cikinsa a 1949, garin da Abubakar Imam da Dokta East suka zauna suka rubuta littafin Ikon Allah don ɗan Bahaushe ya san halittu da harshensa.

Za a ce babu kuɗin ɗakin gwaji. Gaskiya ne, kayan suna da tsada, albashin malami kuwa sai haƙuri. Amma nawa ne kuɗin zoɓo? A jiƙa shi, a raba kofi biyu, a matsa lemon tsami a ɗaya, a zuba ruwan kanwa a ɗayan. Na farko zai ƙara ja, na biyu ya rikiɗe ya yi duhu. Darasin da yara ke haddacewa ba su gane ba, ga shi a gabansu, gani ya kori ji. A kai su wurin marina su ga zane ya fito daga ruwan baba kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, sannan a tambaye su dalili. A kai su tsohon Masallacin Juma'a su ɗaga kai su dubi bakan da Babban Gwani Mika'ilu ya ɗaura da azara da ƙasa tun zamanin Sarki Abdulkarimu, su yi ta gardama a kan abin da ya hana rufin faɗowa.

Duk malamin da ya taɓa ganin idon yarinya 'yar shekara goma sha biyu ya buɗe, ta ce "Malam, to me ya sa?", ya san ladan wannan aiki tun a duniya. Malamin da ya maye gurbin wannan da satar amsa ya cuci yaran, ya kuma hana kansa daɗin sana'arsa.

Iyaye, kafin ku biya kuɗin zango mai zuwa, ku shiga makarantar da ƙafarku ku ce a nuna muku ɗakin gwaji. Ku tambayi ɗanku abin da ya gwada da hannunsa a wannan watan. In ya yi shiru, ku nemi shugaban makaranta.