Gida Bisa Tayoyi da Hakkin Ruwa a Hamadar Amurka

 

Ya ƴan'uwa Musulmi, wani matashi daga cikin masu zama karatun bayan La'asar ya kawo mana hotunan da yayansa ya aiko daga Amurka. Yayan ya yi hayar irin motar nan mai gida a cikinta, da gado da murhu da makewayi da tankin ruwa da na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗauki iyalinsa suka shiga hamadar kudu maso yammacin ƙasar don kallon duwatsu. Tambayar matashin ita ce: wannan tafiya ibada ce, ko almubazzaranci?

Mu fara da abin da ake zuwa kallo, domin ba ƙaramin abu ba ne. A jihar Arizona akwai Garan Kanyon, kwazazzabon da kogin Kolorado ya sassaƙa, tsawonsa kilomita 446, zurfinsa a wasu wurare ya kai wajen mita 1,800. A Kalifoniya akwai wurin da suke kira Kwarin Mutuwa, inda aka rubuta zafin digiri 56.7 a watan Yuli na 1913. Wanda ya tsaya a bakin irin wannan ya yi tasbihi, ba mu ga abin zargi a gare shi ba. Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa da duban halitta da ƙarshen waɗanda suka gabata. Asalin tafiyar halal ne, matuƙar kuɗin halal ne, ba a tozarta salla ba, ba a bar wani hakki a gida ba.

Amma akwai abin da ya tsaya mana a rai. Mu mutanen bakin sahara mun san abin da hamada ke koyarwa, kuma ba da ido take koyar da shi ba, da maƙogwaro ne. Madugun ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Bilma yana lissafin kowace salka, yana sanin cewa in ya kuskure rijiya guda, ayarin duka ya halaka. Irin wannan mutum ba ya buƙatar a yi masa dogon wa'azi kan tawakkali. To wanda ya shiga hamada da ɗakinsa mai sanyi, yana leƙen ta ta gilashi da kofin shayi a hannu, me ya rage masa na wannan darasi? Ya ga hamada, amma hamada ba ta taɓa shi ba. Muna tsoron kada kallo ya zama kamar na mai duban hoto a bango, a ce kai, da kyau, a wuce.

Ba muna cewa wahala ita ce ibada ba. Shari'ar da ta sauƙaƙa wa matafiyi salla da azumi ba za ta hana shi inuwa ba. Kuma adalci ne mu faɗa cewa ba duk mazauna waɗannan motoci ne masu wadata ba. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 wasu sun rasa gidajensu, motar ta zama musu matsuguni na dole. A garin Kwatsayit na Arizona, wanda mazaunansa ƴan dubbai kaɗan ne, dubun dubatar irin waɗannan motoci kan taru a lokacin sanyi, mai kuɗi da marar shi suna maƙwabtaka a kan tsakuwa. Abin mamaki, a wannan garin ne kabarin Haji Ali yake, wani mai jan raƙuma daga ƙasar Sham da ya zo a 1856 lokacin da sojan Amurka ke gwada raƙuma a hamada, ya rasu a can a 1902. An gina masa alama da siffar raƙumi a samanta, masu motocin kan tsaya su ɗauki hoto.

Ga inda maganar ta yi nauyi. Tafiyar ƴan sa'o'i a mota kudu da wannan gari, a bakin iyakar Meksiko, wasu mutane ne ke ratsa hamadar nan da ƙafa, baƙin haure masu neman abin sawa a baki. Ofishin binciken gawa na gundumar Pima ya karɓi gawarwakinsu fiye da 3,000 tun daga shekarar 2000, da yawa zafi da ƙishirwa ne ajalinsu. Hamada guda, rana guda: wani yana wanka da ruwan tanki, wani harshensa ya bushe a ƙarƙashin ƙaya. A watan Janairu na 2019 kotu ta sami wasu mata huɗu masu aikin agaji da laifi saboda sun shiga gandun Kabeza Piriyeta babu izini sun ajiye jarkokin ruwa da abinci don waɗannan matafiya. A 2020 wata alƙaliya ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa imaninsu ne ya sa su aikata hakan. Waɗannan mata ba mu san su da Musulunci ba, amma wallahi aikin nasu ya kamata ya sa mu jin kunya.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara, da yawa daga yankin Kance a jihar Damagaram. Ƴaƴanmu ne. Ƙishirwar da ta kashe su ita ce ke kashe waɗancan.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa daga cikin mutum uku da Allah ba zai dube su ba ranar Alƙiyama akwai wanda ke da rarar ruwa a daji ya hana matafiyi. A lura da kalmar rara. Ba a nemi mutum ya kashe kansa don wani ba. Abin da ya wuce buƙatarsa ne aka ce akwai hakkin wani a ciki. Saboda haka a fahimtarmu, wanda ya shiga hamada da tanki cike ya shiga da amana, ko ya sani ko bai sani ba. Jin daɗin motar ba shi ne laifi ba. Haɗarinsa shi ne gilashin da ke tare zafi yana iya tare mutum, har matafiyi ya saba ganin dutse da faɗuwar rana ya daina ganin ɗan Adam. A ƙasar ƙabilar Nabaho, inda masu yawon ke tururuwa don hoton jajayen duwatsu, wajen kashi ɗaya cikin uku na gidaje ba su da ruwan famfo, sai an ɗauko daga nesa. Nawa ne daga cikin masu ɗaukar hoton suka tambayi wanda ya nuna musu hanya daga ina yake shan ruwa?

Mun amsa wa matashin cewa ba mu sami dalilin haramta tafiyar yayansa ba, kuma in ya yi ta da tunani da zikiri muna fatan a rubuta masa lada. Sai muka tambaye shi lita nawa tankin motar ke ɗauka, ya ce bai sani ba. Muka ce ya tambayo, ya kuma gaya wa yayan nasa, in zai sake komawa, ya ƙara jarka biyu waɗanda ba na iyalinsa ba ne, ya ajiye su kusa da ƙofa inda hannu zai kai da sauri.